Shatin Yatsu a Bangon Lungu

Tun ranar Talatar da hayaƙi ya turnuƙe soron Malam Isiyaku magini a Dala, Maharazu bai ƙara cin abinci ya ƙoshi ba. Ba batirin da ya ƙone ne ya dame shi ba, batir ana sayen wani. Bahijja ce damuwarsa. Saura wata biyu a ɗaura musu aure, ga shi mahaifinta ya ce ko inuwarsa ba ya son ya ƙara gani a ƙofar gidansa.

Dama can dattijon ba son haɗin yake ba. Shi magini ne ɗan magini, da ƙafa yake kwaɓa ƙasa, ya mulmula tubali, ya jera azara. Tsofaffin sorayen Dala kaɗan ne babu hannunsa ko na ubansa a ciki. Maharazu kuwa mai haɗa sola ne, yana da ɗan shago a Ƙofar Nassarawa. Masu irin wannan sana'a Malam Isiyaku bai da sunan da yake kiransu sai masu huda gidaje. Su zo da injin huji su ɓula bango, su rataya wayoyi kamar hanjin akuya, su jibge batir a tsakar ɗaki kamar buhun gawayi, su karkaɗe riga su tafi.

Bahijja ce ta samo dabara. Shekararta ashirin da shida, ta karanta zanen gine-gine, tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata. A cikin soron nasu akwai wani alkuki mai zurfi a jikin bango, inda kakanta Malam Mikail yake ajiye fitilar aci-bal-bal da littattafansa. Duk bangon da ya kewaye alkukin zane ne na ƙasa, wanda kakan ya murɗa da yatsunsa tun kafin a haifi Malam Isiyaku. Ta ce wa Maharazu ya samo siririn batir na zamani da inbata su shige cikin alkukin. Ita kuma ta zana murfin katako mai irin zanen bangon sak, kafinta ya sassaƙa. Idan aka rufe, ba waya ba akwati, sai wata 'yar koriyar wuta da take leƙowa ta cikin sassaƙar, daidai inda harshen fitila yake tsayawa a da.

Abin ya yi kyau, ba ƙarya. Janareto ya bar gidan da ƙararsa da warinsa. Ko an ɗauke wuta kwana uku, fanka tana juyawa a soro. Malaman Bahijja suka riƙa kawo ɗalibai suna ɗaukar hoto, masu manyan gidaje a bayan gari suka fara tambayar wa ya yi aikin. Ran nan dattijon ya daɗe yana kallon koriyar wutar, ya ce, "Yaron nan bai taɓa wa Baba zanensa ba." A wannan makon ya amince a sa rana.

Sharaɗi ɗaya ya kafa tun ranar da za a fara aiki. Ya ce, "Ban yarda ƙarfe ya shiga bangon nan ba."

Maharazu ya ce to. Amma batir da inbata sai da iska, in ba haka ba zafi ya kashe su. Don haka ya zagaya ta lungun bayan soro, inda babu zane, ya sa hannu a hankali ya yi ƙananan kafofi biyar, a karkace don kada ruwa ya shiga, suka ɓulla ta cikin alkukin bayan batir. Kunyar suruki ta hana shi faɗa. Ya ce da Bahijja ita ta sanar da babanta in ta ga ransa a sake.

Wata huɗu lafiya lau. Sai ranar Talatar nan, tsakiyar bazara, bayan azahar, ana rana kamar za ta fasa kai. Malam Isiyaku yana kishingiɗe a tabarma ya ji ƙaurin roba. Kafin ya miƙe murfin katakon ya kama. Maƙwabta suka rugo, wasu da yashi, wasu kuma da bokitan ruwa. Ba wanda ya ji ciwo. Amma hayaƙi ya yi wa bangon baƙi har sama, ruwan da aka sheƙa kuma ya narkar da rabin zanen ya zubo ƙasa ya zama caɓi.

Lokacin da Maharazu ya iso a guje, ya tarar da dattijon a durƙushe yana dafa caɓin da tafin hannu. Bai yi ihu ba, bai yi zagi ba. Ɗagowa kawai ya yi ya dube shi.

"Shekara tamanin damina ba ta ci zanen nan ba, gara ba ta ci shi ba. Kai ka cinye shi a wata huɗu. Tashi ka ba ni wuri. Maganar Bahijja kuma ka cire ta a ranka."

Washegari Maharazu yana zaune a shago, ya tasa wata inbata a gaba ya kasa kwance ko ƙusa ɗaya, sai ga mota ta tsaya. Nazeer ne, ɗan wani Alhaji mai shigo da kayan sola daga waje. Shekara biyu yana bin Bahijja tana kaucewa, amma mahaifiyarta Hajiya Nana Hauwa ta daɗe da ba shi zuciyarta. Bai fito ba, gilas kawai ya sauke.

"Injiniyan laka, sannu da jaje."

Maharazu ya ce, "Yauwa."

"Ai da ka tambaye ni. Batir ba aci-bal-bal ba ne da za a cusa shi a rami. Ka zo falona ka gani, a bango yake cikin gilas, shuɗiyar wuta kewaye da shi, na'urar sanyi tana hura shi. Baƙo in ya shigo shi yake fara kallo kafin talabijin."

"Allah ya sanya alheri."

"Amin. Na ma gaya wa Hajiya kada su damu da soron. In an gama biki zan sa a ture shi, a yi na bulo da tayil, a huta da yaɓe duk shekara." Ya gyara tabarau. "Asabar bayan la'asar iyayena za su kai goro. Na ce gara ka ji daga bakina, kada a ce na yi maka ta bayan gida."

Motar ta tafi ta bar shi da sukundireba a hannu. Abin da ya fi cinsa shi ne bai san me ya jawo wutar ba. Kayan masu kyau ne, shi ya gwada su da kansa. Wayar mai kauri ce. Iska tana shiga ta kafa biyar. To ta ina?

Ranar Alhamis da hantsi ya kasa haƙuri. Ya bar babur ɗinsa a bakin titi, ya bi ta bayan masallaci don kada 'yan gidan su gan shi, ya shiga lungun. Ya ɗaga kai inda ya san kafofin suke.

Babu su.

A wurinsu sai sabon yaɓe ja, faɗinsa kamar faifai, ya bushe ƙarau. An danna ƙasar sosai an shafe da hannu. A jikin yaɓen ga shatin yatsu huɗu sun ja layi, na tsakiyan bai kai sauran ba, ya tsaya a rabi.

Duk Dala an san wannan hannun. Azara ce ta datse wa Malam Isiyaku ɗan yatsan tsakiya tun yana saurayi, shi ya sa ko a duhu ka shafa bango za ka gane yaɓensa. Kuma kowa ya san al'adarsa. Duk shekara kafin ruwan farko sai ya kwaɓa ƙasa, ya ɗauki curi a hannu ya zagaya gida. Ramin ƙadangare, ramin ɓera, tsagar bango, duk abin da ya gani ya buɗe baki sai ya danna masa ƙasa ya wuce. Har na maƙwabta yake haɗawa, yana yi yana amsa gaisuwa, ko kallo na biyu ba ya yi.

Maharazu ya jingina da katangar da ke fuskantar wurin. Ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Ya daɗe da ita a sama, sannan ya mayar aljihu bai ɗauka ba.

Da yamma suka haɗu da Bahijja a Madabo, gidan Gwaggo 'Yardada, yayar Malam Isiyaku. Tsohuwar ce kaɗai a dangin take tare da su. Ta shimfiɗa musu tabarma a rumfa, ta koma gefe da tiren wake tana tsincewa, kunnenta kuwa yana wurinsu.

Idanun Bahijja sun kumbura. Ya gaya mata abin da ya gani. Ta dafe ƙirji, sai hawaye.

"Ban gaya masa ba, Maharazu."

"Na gane tun a lungun."

"Sau uku ina zama gabansa da niyyar faɗa. Ran farko yana fama da ciwon baya. Ran na biyu yana cikin farin ciki, yana nuna wa abokansa wutar, na ce kada in ɓata. Daga nan na ce bari a ɗaura tukuna. Ni na ƙona zanen Kaka."

"Ba ke ba ce. Ni na huda, ni ya kamata in buɗe baki."

Ta share fuska da gefen mayafi. "To yanzu ai an samu mafita. Ka je wurin Baffa Haruna, shi ne waliyyina. Ka kai shi lungun ya gani da idonsa. Kowa zai san ba aikinka ne ya lalace ba."

Maharazu ya girgiza kai.

"Me kake nufi da girgiza kai?"

"Bahijja, ki tsaya ki ji. In na kai Baffa lungun, abu uku Baba zai ji a rana ɗaya. Zai ji na ce masa to, na zagaya na huda. Zai ji 'yarsa ta sani ta ɓoye. Sannan zai ji da hannunsa ya toshe iskar da ta ƙona aikin ubansa. Gobe a majalisa a ce mutumin da ya gina rabin Dala bai bambance ramin ƙadangare da kafar iska ba. Mutum mai hawan jini. Wanne zai ɗauka a ciki?"

"Ni kuma wanne zan ɗauka?" Ta nuna kanta. "Kana tausayin Baba, ni wa zai tausaya min? Umma ta daina amsa gaisuwata. Jiya na kai mata ruwa ta juya baya. 'Yan uwanta sun cika gida, kowacce da tata, wai na tsufa a gida ina jiran mai ƙona soraye, ga yaro ɗan mutunci yana bina da mota."

"Baba ya ce dole ki auri Nazeer?"

"Baba ba ya yi wa 'ya'yansa dole, ka sani. Cewa ya yi in ba na so in faɗa. Amma ya rantse ko zan shekara hamsin a ɗakin Umma, kai dai ba zai ba ka ba. To in na ƙi Nazeer me na samu? In zauna ina kallon baƙin bango, kai kana Ƙofar Nassarawa ni ina Dala, har wata ta zo ta ɗauke ka?"

"Babu wata."

"Haka kowa yake cewa."

Kuka ya ƙwace mata sosai. Maharazu ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma har ya tsinke zare biyu. Shi mutum ne mai taurin rai, ko ranar da aka binne mahaifinsa ba a ga hawayensa ba, amma yau sai da ya share ido.

Gwaggo 'Yardada ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince. "Ku bar min tabarma da ranta. Ku biyun nan kunya ce za ta kashe ku. Shi ya ji kunyar suruki, ke kin ji kunyar uba, ga shi kunya ta ci soro."

"Gwaggo, ke ki gaya masa mana," in ji Bahijja.

"Ni? Isiyaku a bayana ya girma, na san shi. Kansa ya fi tubalinsa tauri. In wani ne ya ce masa kai ka yi, ko da hoton hannunsa aka zo zai ce ƙarya ne, kuma ya ƙulle mutum a ransa har kabari. Wannan ba ya jin magana sai wadda bango ya gaya masa."

Bahijja ta juyo. "To ni zan faɗa. Yau ɗin nan."

"In kin faɗa, ke zai tsana. Gara ni, dama ni bare ne."

"Wato ka zaɓi mutuncin Baba ka bar ni."

"Ban bar ki ba."

"Jibi za a kawo goro, Maharazu. In aka karɓa an gama. Ka dube ni ka ce ba ka bar ni ba."

Ya dube ta. Ta jira, ta jira, sannan ta tashi ta shige ɗakin Gwaggo ta saki labule. Har ya kai ƙofa yana jin sheshsheƙarta.

Ranar Asabar da safe Baffa Haruna, ƙanen Malam Isiyaku, ya kira shi a waya. Ya ce Yaya ya ce ya zo ya kwashe tarkacensa daga soro kafin la'asar, akwai baƙi.

Ya iso bayan azahar da jakar kayan aiki da wani kwali a hammata. An share caɓin, an shimfiɗa darduma sabuwa, an jingina matasai. Baƙin bangon dai ba yadda aka iya da shi. Malam Isiyaku yana zaune a kan buzu daga gefe, ya rame a kwana huɗun nan, hularsa ta yi masa yawa. Maharazu ya durƙusa ya gaishe shi. Da hannu ya amsa.

Baffa Haruna mutum ne mai son a bi ba'asi. Ya ce, "Kafin ka fara, Maharazu, ni dai ina son in sani. Ana yabon aikinka a gari. Me ya faru a nan?"

Maharazu ya ji idon dattijon a kansa. Daga cikin gida yana jiyo hayaniyar mata da ƙarar turmi. Ya san Bahijja tana nan wani wuri bayan ƙofar nan.

"Kuskurena ne, Baffa. Zafi ya yi wa kayan yawa, ban yi lissafin bazara daidai ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Allah ya huci zuciyar Baba."

Wani ɗan sauti ya fito daga bayan ƙofar cikin gida, kamar an toshe baki da mayafi. Baffa Haruna ya yi ajiyar zuciya ya fita duba ko an kawo ruwan roba.

Maharazu ya fuskanci alkukin. Ya cire ragowar murfin, ya yanke wayoyin da suka narke, ya zaro inbata. Batirin ya kumbura ya maƙale, sai da ya yi ta girgiza shi kafin ya fito. Yana ajiye shi ya yi maza ya ɗauko kwalin zai rufe bayan alkukin.

"Mene ne wannan?"

"Kwali ne, Baba. Don kada toka ta zubo wa baƙi."

"Ba kwalin ba. Matsa."

Idon magini ba ya wuce rami. Dattijon ya taso da ƙyar, ya ture kwalin da bayan hannu. Ga su nan a jere cikin baƙin hayaƙi, kafofi biyar.

Fuskarsa ta canza. "Wa ya huda min bango?"

"Ni ne."

"Me na ce maka ranar farko?"

"Ka ce kada ƙarfe ya shiga."

"Ka ce me?"

"Na ce to."

"Ashe ban da ɓarna har da ƙarya." Ya nuna kafofin. "Na mene ne su?"

Maharazu ya sunkuya yana tattara wayoyi.

"Da kai nake. Mutum ba ya huda kafa biyar a jere don wasa. Na mene ne?"

"Na iska ne, Baba. Kayan ba sa rayuwa sai iska tana ratsa su."

"Iska." Dattijon ya sunkuya ya kara ido a kafa ɗaya. "Kafar iska da ba haske a cikinta? Ina ta ɓulla?"

"Baba, la'asar ta kusa. Bari in kwashe in tafi."

Malam Isiyaku bai ko waiwaye shi ba. Ya zura ɗan yatsa cikin kafar har ƙarshe, ya ƙwaƙulo. Ƙasa ce ja ta fito a farcensa. Ya murza ta tsakanin yatsu. Ya kai hanci. Ya ƙara murzawa a hankali, yana duba 'yan guntayen ciyawar da ke ciki. Kowane magini da irin kwaɓinsa, shi kuwa nasa ba ya ɓace masa.

Ya zura takalmi ya fita, ya yi hanyar lungu. Maharazu ya bi shi yana cewa, "Baba, don Allah ka dawo, rana ta yi zafi." Kamar da bango yake.

A lungun dattijon ya tsaya ya ɗaga kai. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙa hannun dama ya ɗora a kan yaɓen. Yatsu huɗu suka zauna cikin shatinsu, guntun ya tsaya inda layin ya tsaya.

Maharazu ya kawar da kai ya dubi ƙasa.

"Ranar Lahadi ne," in ji dattijon, muryarsa can ƙasa. "Na ga hadari ta gabas. Har ina cewa wane irin ƙadangare ne wannan mai jera ramuka kamar ya yi makaranta."

Ya sauke hannun ya zuba masa ido.

"Yaushe ka gani?"

"Shekaranjiya."

"Haruna ya tambaye ka a gabana. Me ya hana ka faɗa?"

"Ni na fara laifin, Baba. Da na gaya maka tun farko, da ba ka toshe ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Kana kallo za a ba wani matar da kake so, maganar da za ta wanke ka tana bakinka. Me ya hana ka?"

Maharazu ya ɗago kai. "Zanen mahaifinka ne. Na ga yadda ka dafa caɓin nan ranar Talata. Na ce gara ka riƙa ganin hannuna a ciki da ka riƙa ganin naka."

Dattijon ya kawar da fuska. Ya juya baya ya fuskanci bangon, ya ɗauki lokaci yana gyara hular da ba ta karkace ba.

"Bahijja ta san da kafofin?"

Maharazu ya dubi gefe.

"To, na ji." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Gida guda, kowa yana lallaɓa ni kamar tsohon bango. Kai ma ba ka kuɓuta ba, ka sani. Ka ce min to, ka zagaya. Wannan ban yafe ba tukuna."

"Na sani, Baba."

Sai ga Baffa Haruna ya leƙo lungun yana haki. "Yaya, kana nan ashe. Sun iso. Mota ba ta shiga, sun ajiye ta a titi sun tako. Mutum biyar ne, da huhun goro da alawa. Na zaunar da su a soro."

Maharazu ya dubi dattijon. Ya san wane ne Malam Isiyaku. Tun da yake bai taɓa cewa a zo ba, a zo kuma ya ce a koma. Da bakinsa ya ce wa mutanen nan Asabar.

"Bari in bi ta baya in tafi, Baba. Kayan na aiko a ɗauka."

"Tsaya inda kake."

Dattijon ya wuce gaba, suka bi shi. A ƙofar soro ya tsaya ya yi sallama. Manyan mutane ne cikin shadda, ƙamshin turarensu ya danne ƙaurin hayaƙin. Babban cikinsu, wan mahaifin Nazeer, ya miƙe da fara'a ya miƙo hannu biyu.

"Malam, sannu da wannan jarrabawa. Mun ga ɓarnar da yaron nan ya yi. In Allah ya yarda ɗanmu zai share maka hawaye."

Malam Isiyaku bai ba shi hannu ba. Ɗaga hannun ya yi sama, jar ƙasa a farce, guntun yatsan a tsakiya, yadda kowa zai gani. Labulen ƙofar cikin gida ya motsa. Maharazu ya hango gefen mayafin Bahijja, da hannun Hajiya Nana Hauwa riƙe da kafaɗarta.

"Alhaji, kada a kwance goron nan tukuna," in ji dattijon. "Shekara hamsin ina gini a garin nan, ban taɓa kiran mutane su zo su ga inda na yi kuskure ba. Yau zan kira. Ku sa takalmanku, akwai aikin da zan nuna muku a lungu."

Ya waiwayo ya dubi Maharazu da ke rakuɓe a bakin ƙofa.

"Kai kuma ɗauko abin da ka huda da shi. A gabansu zan buɗe su, da hannun da ya toshe."